Ƙoƙi-ƙoƙi da siririn mazari: yadda za ka kwatanta su da idonka a Legas

Ranar wata Lahadi, bayan manyan ruwan watan Yuli sun lafa, na kai 'yata gaida kawuna a lambunsa da ke wajen Ojo. Ana cikin tsinkar kuɓewa sai ta ga wata koriyar halitta maƙale a bayan ganye, ta tsura mata ido. Nan take ta cire silifas za ta kai duka. Kawu ya ɗaga murya daga bakin ramin ban-ruwa: "Ke, mayar da takalminki! Wannan ma'aikaciyata ce, Ƙoƙi ke nan." Yarinyar ta yi turus. A Agege aka haife ta, ta sha jin tatsuniyar Gizo da matarsa Ƙoƙi a bakin kakarta, amma ba ta taɓa sanin cewa Ƙoƙi ƙwaro ce mai rai da ake iya gani ba.

Ba mu bar lambun ba sai da ta gano wani a kan ciyawar bakin ramin, siriri kamar tsinken ashana, da ɗigon shuɗi a ƙarshen bindinsa. Ta ce, "Baba, wannan ɗanta ne?" Na ce a'a, ko dangi ba su haɗa ba. Ta ce to me ya raba su, tunda dukansu dogaye ne sirara masu manyan idanu? Amsar wannan tambaya ce ta ɗauke mu sauran damina muna komawa lambun, kuma abin da muka bi ne na tsara a nan, domin iyaye da malaman makaranta da masu lambu da ke zaune a wannan gari. Abin yana damuna ƙwarai yadda yaranmu na Legas suke tashi da suna ɗaya tak ga duk wani abu mai ƙafa shida, wato "ƙwaro", da hukunci ɗaya tak, wato kisa.

Sunan ta farkon ba shi da gardama: ƙoƙi-ƙoƙi. Na biyun kuwa Bahaushe ya haɗa shi da yayansa ya kira su duka mazari, sunan da suka ara daga mazarin kaɗi. Masana sun raba gidan biyu. Akwai babban mazari mai kauri da ƙarfin tashi, akwai kuma siriri mai laushin tashi wanda suke kira Zygoptera, mai nau'i kusan 3,000 a duniya. Shi nake nufi idan na ce siririn mazari. Ita ƙoƙi-ƙoƙi nata gidan Mantodea ne, nau'inta ya haura 2,400, kuma 'yan uwanta na kusa su ne kyankyaso da gara. Mutane da yawa sukan yi mamakin wannan, amma ka duba jakar ƙwan kyankyaso ka duba tata, za ka ga alamar zumuncin.

Mataki na farko: tabbatar da wanda ke gabanka

Kada ka fara kwatanci sai ka san ba wani ka kama ba, domin kowannensu yana da mai kama da shi.

Wadda ake rikitawa da ƙoƙi-ƙoƙi ita ce doguwar farar nan mai tsinin kai da ke ɓuya cikin ciyawa. Dubi ƙafafu. Fara ƙarfinta a baya yake, cinyoyinta na baya masu kauri ne domin tsalle. Ƙoƙi-ƙoƙi ƙarfinta a gaba yake: hannaye biyu a naɗe a ƙirji, cikinsu jere da ƙayoyi, sauran ƙafafun huɗu kuwa sirara ne na tafiya kawai. Sannan ka matsa gefe kaɗan. Idan ta juyo da kai ta bi ka da kallo ba tare da ta motsa jiki ba, ita ce. Fara ba ta iya wannan.

Shi siririn mazari, jira za ka yi ya sauka. Babban mazari idan ya sauka yakan bar fukafukansa a shimfiɗe kamar jirgin sama, idanunsa kuma galibi sun haɗe ko sun kusa haɗewa a tsakiyar ka. Siririn yakan haɗe fukafukansa huɗu ya kwantar da su a saman bayansa, idanunsa kuma suna nesa da juna, ɗaya a kowane gefe, kan ya zama kamar 'yar guduma. Akwai wani reshe nasu da yakan bar fukafukan a ɗan buɗe, don haka idan fiffike ya ruɗe ka, koma ga ido. In kuwa da dare ka ga mai kama da shi yana faɗuwa a jikin ƙwan lantarki, da eriya biyu masu ɗan kauri a baki, ba shi ba ne. Wannan uwar ƙwaron nan ce mai haƙa ɗan rami kamar mazurari a cikin yashi. Eriyar mazari gajeru ne ƙwarai, da ƙyar ake ganinsu.

Mataki na biyu: inda za ka je da lokacin zuwa

Tun daga nan bambancin ya fara. Ƙoƙi-ƙoƙi ganye take nema, mazari ruwa yake nema. Wurin da ya haɗa biyun, wato ciyawa da ƙananan itatuwa a bakin ruwa mai kwanciya, shi ne inda za ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Lambunan ganye da mutanenmu suke nomawa a wajen Ojo da Iyana-Iba da Oko-Oba sun fi ko'ina sauƙi, saboda kusan kowane fegi yana da ramin da ake ɗibar ruwa, gefensa kuma cike da ciyawa. Ka yi sallama, ka nemi izinin mai lambu, ka tambaye shi yaushe ya yi feshi na ƙarshe. Idan jiya ko shekaranjiya ne, kada ka ɓata lokacinka. Mai hali kuma ya je gandun Lekki Conservation Centre, wanda gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF, ta kafa a 1990 a kan fili mai hekta 78. Yawancin masu zuwa gadar saman nan mai tsawon mita 401 suke rububi, amma aikinka a ƙasa yake, a kan hanyar katako da ta ratsa fadamar, inda rana take ratsowa ta sauka a kan ruwa. A can kallo da hoto kawai ake yi, ba a kama komai. Bakin ruwan jami'ar Legas a Akoka, da gefen ƙoramu a Ikorodu, Epe da Badagry, duk wurare ne da suka cancanci gwaji.

Baƙar kwata mai wari ba za ta ba ka komai ba sai sauro. Ruwan gishiri sosai ma haka. Nemi ruwan da kake ganin kainuwa ko bado ko ciyawa sun tsiro a cikinsa.

Game da lokaci, siririn mazari ɗan rana ne. Daga ƙarfe tara na safe zuwa azahar, ranar da gari ya buɗe babu iska, lokacin yake shawagi. Idan hoto kake so, je da sassafe bayan asuba, za ka same shi maƙale a ciyawa da raɓa a jikinsa, bai iya tashi da sauri ba tukuna. Ƙoƙi-ƙoƙi kuwa tana nan kowane lokaci, ganinta ne aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce dare: ka duba bangon da ke da ƙwan lantarki kusa da shuke-shuke, mazansu sukan taso zuwa haske. Ko ka haska tocila a ƙarƙashin ganye. A lissafin damina irin ta Legas, mu mun fi samun su daga ɗan hutun ruwan Agusta zuwa Nuwamba. A watan Yuni ruwa yakan yi yawa har ya shafe gefen ramukan.

Kayan aiki ba su da yawa: waya mai kyamara, littafi da biro, rariyar shayi, farin faranti mai ɗan zurfi, kwalba biyu masu faɗin baki, guntun tsohon gidan sauro, da takalmin ruwa. Takalmin nan ba ado ba ne. Ruwa mai kwanciya yana iya ɗauke da tsargiya, ga fasassun kwalabe, ga maciji a ciyawa. Kada yaro ya shiga ruwan, daga baki za a yi komai, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Mataki na uku: zauna ka karanta jikinsu

Ka ja layi a tsakiyar shafin littafinka, ƙoƙi-ƙoƙi a dama, siririn mazari a hagu. Ka fara da kai.

Kan ƙoƙi-ƙoƙi mai kusurwa uku ne, a kan dogon wuya, kuma tana iya juya shi har ta kalli abin da ke bayan kafaɗarta. A cikin kowane ido za ka ga baƙin ɗigo da yake bin ka duk inda ka matsa. Yara sukan ce harara take yi. Ba ƙwayar ido ba ce. Idon nata dubban ƙananan idanu ne a jere, waɗanda suka fuskance ka kai tsaye su ne suke shanye haske su yi baƙi. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne tana haɗa ganin idanun biyu ta auna nisa, kamar yadda mutum yake yi. A 2016 masana a jami'ar Newcastle ta Ingila suka tabbatar da haka ta hanyar liƙa mata ɗan mitsitsin tabarau mai launi biyu da kakin zuma, suka nuna mata hoton abinci a allo, ta riƙa kai cafka daidai lokacin da hoton ya yi kamar ya matso. Nau'in da suka yi aikin da shi, Sphodromantis lineola, 'yar Afirka ce. Idan ka ga babbar koriya ko ruwan ƙasa mai tsawon kusan santimita 8, da ɗan farin tabo a kowane fiffike na sama, to daga wannan dangin take.

Kan siririn mazari kusan duka ido ne. Shi ba ya buƙatar dogon wuya, domin yadda idanun suka fito gefe da gefe yana ganin kusan ko'ina a lokaci guda. Wannan ya sa idan inuwarka ta faɗa kansa sai ya tashi. Ka riƙa matsowa ta inda rana take gabanka, a tsugune, a hankali.

Sai ƙafafu. Nata hannayen mun faɗa. Nasa shida ne sirara masu gashi, duk sun karkata gaba, ba ya tafiya da su sai riƙe kara da kama abinci. Ka lura da kyau, ba za ka taɓa ganin mazari yana yawo a ƙasa ba. Ita kuwa tana tafiya, tana rangaji gaba da baya kamar ganyen da iska take kaɗawa.

Fukafukai su ne suka fi nuna wane ne ɗan sama. Nasa huɗu ne garai-garai, kusan girmansu ɗaya, da ɗan tabo kusa da bakin kowanne, kuma kowane fiffike yana da naman da ke motsa shi shi kaɗai, shi ya sa yake iya tsayawa cak a iska ko ya ja da baya. Nata na sama masu kauri ne kamar murfi, na ƙasa suna ninke a ciki. Macen da ciki ya cika da ƙwai da wuya ta tashi. Namijin ya fi siranta, eriyarsa ta fi tsawo, shi ne mai yawon dare. Saboda wannan yawon daren ne yake da wata baiwa da ba za ka gani da ido ba: kunne guda ɗaya a ƙasan ƙirji, tsakanin ƙafafun baya, wanda yake jin siririn kukan da jemage ke farauta da shi. David Yager da Ronald Hoy na jami'ar Cornell a Amurka ne suka bayyana wannan kunne a 1986. Idan ya ji jemage sai ya karkace ya sulmiyo ƙasa.

Wanda 'yata ta gani, mai shuɗin ɗigo a bindi da tsawon kusan santimita 3, sunansa a littattafan masana Ischnura senegalensis, kuma tun 1842 aka sa masa wannan suna na Senegal. Yana da juriya, yakan zauna a ruwan da ya ɗan gurɓata ko ya ɗan yi gishiri, shi ya sa shi za ka fi cin karo da shi. Matansa launi-launi ne, wata ruwan lemo tana ƙarama, ta koma ruwan ƙasa idan ta manyanta, wata kuma ta yi kama da namiji. Akwai wani ruwan lemo tun daga ƙirji har bindi mai koren ido, Ceriagrion glabrum, ya ɗan fi shi tsawo. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsi da ba su wuce santimita 2 ba, suna can ƙasa-ƙasa cikin ciyawa, sai ka kaɗa ta da sanda za su tashi.

Mataki na huɗu: kalli yadda kowa yake cin abinci

Dukansu mafarauta ne, babu mai cin ganye a cikinsu, kuma babu mai dafi. Ƙoƙi-ƙoƙi tana iya tsunkulinka da ƙayar hannu ko ta ɗan cije ka idan ka matse ta, iyakarta ke nan. Idan ta tsorata takan miƙe ta buɗe hannaye da fukafukai don ta ƙara girma a idonka, sai ka ja baya ka ba ta wuri.

Farautarta ta kwanton ɓauna ce. Ka sami wadda ta zauna kusa da fure, ka duba agogo, ka ba ta rabin sa'a. Za ka ga ƙuda ya sauka. Kai ne zai fara juyawa, jiki ya biyo a hankali, sai ta tsaya cik. Cafkar kanta ba za ka gan ta ba, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, sai dai ka ga ƙudan a hannunta. Idan wayarka tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, nan ne amfaninsa. Tana ci da ransa, ta yar da fukafukai, sannan ta bi hannayenta da baki tana gogewa kamar kyanwa. Ba ta zaɓe: fara, kyankyaso, malam-buɗe-littafi, ƙudan zuma, 'yar uwarta ƙoƙi-ƙoƙi, manyan ma har ƙaramin ƙadangare.

Shi kuwa nema yake fita. Ka bi guda ɗaya da ido, za ka ga yana bin ciyawa kara bayan kara, yana tsayawa a iska, sai ya kai sura ya ɗauke darɓa ko ƙaramin ƙuda ko sauro daga jikin ganye, ya koma ya sauka ya tauna. Abincinsa ƙanana ne masu laushi. Ka rubuta sau nawa ya kai sura cikin minti goma, ka kwatanta da sau nawa ita ta motsa cikin rabin sa'a. Wannan ƙidaya kaɗai ta isa ta nuna wa yaro cewa hanyar neman abinci ba ɗaya ba ce.

A bakin ramin Kawu mun taɓa ganin inda hanyoyin biyu suka gamu. Wani siririn mazari ya sauka a karan da bai kamata ba, ƙoƙi-ƙoƙi tana ƙasansa da ɗan taƙi kaɗan. Fukafukai huɗu ne kawai suka faɗo kan ruwa. 'Yata ta yi fushi da Ƙoƙi ranar, sai da Kawu ya ce mata, "Jikata, shi ma ai yanzu ya gama cin wani."

Mataki na biyar: nemo yarintarsu

Nan ne zuciyar kwatancin, kuma nan na fi so ka daɗe. Manyan sun ɗan yi kama, 'ya'yan kuwa ko kusa.

Fara da ita. Ka duba rassan ƙananan itatuwa, karan dawa ko masara da ya bushe, jikin katanga, har da waya ta shinge. Kana neman wani dunƙule ruwan ƙasa kamar busasshen soso, girman goro ko ƙasa da haka. Jakar ƙwanta ke nan. Uwar takan fitar da kumfa daga bindi tana jera ƙwai a ciki, kumfar ta bushe ta yi tauri, ta tsare su daga rana da ruwa. A jakar manyan nau'i ana samun ƙwai sama da 100. Idan ka ga ƙananan ramuka zagayayyu a gefenta kamar an huda da allura, wani ɗan ƙaramin zanzaro ne ya riga ka, 'ya'yansa sun cinye wasu ƙwan sun fita. Idan lafiyayya ce, kada ka ɓamɓare ta. Ka ɗaura ɗan ƙyalle a reshen don shaida, ka riƙa leƙawa. A zafin Legas cikin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi sukan ƙyanƙyashe, yawanci da safe, su zubo a tare suna lilo. Kowane ɗa hoton uwarsa ne, da 'yan hannayensa a naɗe, fiffike ne kawai babu. Wasu baƙaƙe ne suna gudu kamar tururuwa, wannan kamannin yana kare su daga masu cinsu. Daga nan sai saɓa bayan saɓa, sau shida zuwa tara ko kusa da haka, fiffike ya fito a ta ƙarshe. Duk rayuwar ba ta cika wuce shekara ba, kuma daga ƙwai har mutuwa a tudu take.

Yanzu koma bakin ruwa da rariyarka. Zuba ruwan ramin a farin faranti. Tura rariyar cikin ciyawar da ta nutse ko saiwar kainuwa, ka girgiza, ka juye abin da ta kwaso a farantin, ka jira laka ta kwanta. Za ka ga abubuwa suna motsi. Wanda kake nema siriri ne, kore ko ruwan ƙasa, da ƙafa shida da faffaɗan kai, a bindinsa kuma akwai abu uku kamar ƙananan ganye. Da su yake shaƙar iska daga ruwa, da su kuma yake iyo, yana karkaɗa jiki hagu da dama kamar kifi. Ɗan babban mazari ya fi kauri kuma ba shi da ganyen nan uku. Babu wanda zai ga wannan halitta ya ce ita ce za ta zama mai shuɗin bindin nan.

Ga abin da ya fi burge ni a duk binciken. Ɗan mazari a ruwa kwanton ɓauna yake yi, irin na ƙoƙi-ƙoƙi sak. Leɓensa na ƙasa dogo ne mai gaɓa, a ninke a ƙarƙashin fuska, da ƙugiyoyi a baki. Idan tsutsar sauro ta gifta sai ya harba leɓen ya fizgo ta. Abin da ita take yi da hannu a kan ganye, shi yana yi da leɓe a ƙarƙashin ruwa. Wato yana yaro mai jira ne, sai ya girma ya zama mai nema, ita kuwa sana'a ɗaya ta riƙe tun ranar da ta fito.

Kana iya renon guda ɗaya a gida ka ga ƙarshen labarin. Zaɓi babba wanda ƙananan kuben fiffike suka bayyana a bayansa. Sa shi a kwalba da ruwan da ka same shi a ciki, ba ruwan famfo mai magani ba, da ɗan ciyawar ruwa, da tsinke mai kaushi wanda ya fito sama da ruwan da kamar tsawon yatsa biyu. Ajiye a inuwa, ka rufe da gidan sauro. Ciyar da shi tsutsar sauro, wadda ba ta wuyar samu a tsohuwar taya ko gwangwani, ka kuma zubar da sauran ruwan tayar. Ranar da ya daina ci ya fara leƙo da kai sama, lokaci ya yi. Zai hau tsinken, galibi da sassafe, bayansa ya tsage, sabon jiki ya zaro kansa fari-fari da fukafukai a cukurkuɗe. A gaban idonka za su miƙe, cikin ya yi tsawo. Kada ka taɓa shi, ko kaɗan. Bayan sa'a ɗaya ko biyu zai iya tashi, launinsa na gaskiya kuwa sai bayan kwanaki. Mayar da shi bakin ruwan da ka ɗauko shi a ranar.

Ƙoƙi-ƙoƙi ma ana iya riƙe ta mako guda don kallo: kwalba mai tsayin jikinta sau uku, reshe a ciki, gidan sauro a baki don ta samu abin rataya idan za ta yi saɓa, yayyafin ruwa kaɗan kullum, ƙuda ko fara mai rai bayan kwana biyu. Guda ɗaya a kwalba, in ka haɗa biyu za ka wayi gari da ɗaya.

Mataki na shida: barbara, idan ka yi sa'a

Idan ka ga siraran mazari biyu suna tashi a haɗe kamar an ɗaura su, namiji ne a gaba, ya riƙe macen a wuya da 'yan ƙugiyoyin bindinsa. Idan suka sauka sai ta lanƙwaso nata bindin zuwa ƙasan cikinsa kusa da ƙirji, su yi da'ira mai siffar zuciya. Bayan nan takan tsaga jikin ciyawar ruwa ta cusa ƙwai ɗaya-ɗaya, sau da yawa yana riƙe da ita don kada wani namiji ya ƙwace, wasu matan har nutsewa suke yi gaba ɗaya. Na ƙoƙi-ƙoƙi labarinsa ya yi nisa, cewa mace tana cinye miji. Yana faruwa, musamman idan tana jin yunwa ko an kulle su a wuri ɗaya, amma maza da yawa sukan gama su tsere lafiya. Ka ga yadda namijin yake sanɗa ta baya, yana tsayawa duk lokacin da ta juyo, za ka gane ya san abin da yake gudu.

Abin da mai lambu zai ɗauka

Ba zan ce maka waɗannan biyun za su maye gurbin magani ba, ƙarya ke nan. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ta da yawan da za ta share tsutsa daga fegin alayyafo, kuma tana cin ƙudan zuman da ke yi wa kuɓewa da kabewa aiki. Mazari ma ba zai raba Legas da sauro ba, domin sauronmu a kwata da taya da robar da aka yar yake haihuwa, inda ɗan mazari ba ya rayuwa. Amfaninsu na gaskiya shaida ce. Lambun da kake samun jakar ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi a shingensa, feshi bai kashe masu taimako ba. Ramin da kake samun nau'in siririn mazari uku ko huɗu, ruwansa yana da rai. Idan nau'i ɗaya ne kawai mai juriyar nan, ko babu ko ɗaya, ka binciki abin da ke gangarowa cikinsa, tunda da ruwan ake shayar da ganyen da za a kai kasuwar Mile 12. Abin da na roƙi Kawu, kuma ya yarda, shi ne ya daina wanke tankin feshi a bakin ramin, ya bar ɗan zirin ciyawa a gefe ɗaya ba tare da ya nome ba.

Duk fitar da ka yi, rubuta kwanan wata, wuri, ƙarfe nawa, yanayin gari, da adadin da ka gani. Hoton mazari ka ɗauka ta gefe, jikinsa duka a miƙe, ka ƙara ɗaya na ƙarshen bindi ta sama, domin da shi ake rarrabe nau'i. Na ƙoƙi-ƙoƙi ka ɗauki fuska da cikin hannu. Idan ka ɗora su a manhajar iNaturalist, masu sani daga ƙasashe daban-daban sukan taimaka da suna, hoton kuma ya zama shaidar cewa nau'in yana wurin a wannan rana. Aikin bai ƙare ba a nahiyarmu: a 2015 kaɗai masanin mazari Klaas-Douwe Dijkstra da abokan aikinsa biyu sun bayyana sababbin nau'in mazari 60 daga Afirka a lokaci guda.

Abu biyu ne kawai muka yarda a kawo gida a ajiye, saboda babu rai a cikinsu: jakar ƙwan da aka riga aka ƙyanƙyashe, da busasshiyar saɓar da ɗan mazari ya bari maƙale a kara. Ka neme ta da safe a ciyawar da ta fito daga ruwa, ɗan taƙi sama da fuskar ruwan, ka zare ta a hankali da jiƙaƙƙen yatsa don kada ta karye. Namu suna cikin kwalin ashana biyu a kan taga, da kwanan wata a jikin kowanne da rubutun 'yata, kuma ta ce a watan Satumba za ta kai su makaranta.